Wikipedia ta Hausa: Hannu da Yawa, Amma Wa Ke Ɗanɗana Miyar?

Yanzu da an ba ɗalibanmu aikin gida, waya suke ɗauka su buɗe Wikipedia. Ba mu ga laifinsu ba, domin ko Jamusawa, masu son littafi, can suka koma. Kundin iliminsu na Brockhaus, wanda bugunsa na ƙarshe ya fito a 2005 da 2006 cikin mujalladi 30, ya daina fitowa a takarda, kamar yadda Britannica ta sanar da daina nata a 2012.

Amma fa Jamusawan ba su saki ragama ba. Tun 2008, a Wikipedia ta Jamusanci, gyaran da baƙo ko sabon shiga ya yi ba ya bayyana ga yawancin masu karatu sai wani tsohon hannu ya duba shi.

A nan ne tamu ta Hausa ta gaza. Mun yaba wa matasan da ke aikinta kyauta, sai dai shafuka da dama fassarar na'ura ce daga Turanci, ba wanda ya bi ta ya gyara. Za ka karanta jimla sau uku, kalmomin Hausa ne, amma ka rasa inda ta dosa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to amma sai da mai ɗanɗanawa.

Abin ya shafe mu. Potiskum gari ne mai fadar Sarkin Fika da ta Sarkin Pataskum, ga Bolewa, ga Ngizim, ga Karekare, ga mu da kasuwa ta kawo kakanninmu. A irin wannan gari, layi ɗaya na tarihi da wani ya murɗe cikin dare ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa.

Littafi kuwa yana da mai shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 an san waɗanda za a tuhuma in sun yi kuskure. Haka ƙamusoshin harsunan Yobe da Farfesa Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta, aka buga a nan garin. Matsalarsu tsada da wuyar samu.

Don haka malamanmu na Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ku shiga ku gyara shafukan nan, littafi a hannu. Ɗalibai kuma, duk bayanin da bai faɗi inda aka samo shi ba, ku ɗauke shi hirar tasha.