Masu Tsare Dajin Kogo Daga Gobara

Dajin Kogo da ke ƙasar Faskari yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a mayar da su gandun ƙasa a 2020. Babban abin tsoronsa wutar rani. Malaman daji kan riga ta: da ɗaukewar ruwa, tun gamba tana da sauran ɗanye, sukan share layuka su yi ƙunar wuri, wadda ke lashe ciyawa sama-sama ta bar doka da kaɗanya a tsaye. In wutar mafarauta ta ɓalle cikin hunturu, da ɗanyen reshe malaman dajin suke bugunta, hayaƙi na cin idanu. Manoman Sheme da makiyaya suna cin moriyar wannan wahala, wadda 'yan bindiga suka ƙara wa haɗari.