Shurin da Aka Kira Sa'a

A daren 20 ga Agustan 2022, a birnin Salt Lake City na jihar Utah ta Amurka, Kamaru Usman ya shiga keji domin kare kambunsa na ajin kilo 77 a karo na shida. Gasar UFC 278 ce, wasan da ya gauraya dambe da kokawa da shuri. Usman, haifaffen Auchi ta jihar Edo, yana riƙe da kambun tun watan Maris na 2019 da ya karɓe shi daga hannun Tyron Woodley, kuma ya yi nasara sau 15 a jere a UFC, saura ɗaya ya kamo tarihin Anderson Silva. Abokin karawarsa, Leon Edwards, haifaffen Jamaika da ya tashi a Birmingham ta Ingila, ya taɓa shan kaye a hannunsa a 2015. Ana saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya kai masa shuri a ka, Usman ya faɗi sumamme. Tun daga ranar, kalma guda ta fi yawo a bakin masoyan Usman, wato sa'a. Wannan kalma nake son in tuhuma, domin a ganina ta zalunci 'yan wasan biyu.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Bayan turmi huɗu, alƙalan maki uku duk sun bai wa Usman 39, Edwards 37. Usman ne ya mallaki turmi na biyu da na uku da na huɗu, yana matse Edwards da ragar keji, yana kayar da shi, har jikinsa ya yi sanyi. Da an kai ƙarshe, da Usman ya koma gida da kambunsa.

Amma mai nazarin adabi ya san akwai bambanci tsakanin ƙarshen da ya faɗo daga sama da ƙarshen da marubuci ya shuka tun shafin farko, mai karatu bai lura ba. A turmi na farko Edwards ya kayar da Usman ƙasa, abin da ba wanda ya taɓa yi masa a UFC, ya hau bayansa yana neman shaƙe shi har lokaci ya cika. Wannan ishara ce cewa Edwards na 2015 ba shi ne ya shigo kejin ba. Wurin ma ya taka rawa. Salt Lake City tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,300, inda numfashi ke saurin ƙarewa. Kafin babban wasa, an ga yadda Paulo Costa da Luke Rockhold suka riƙa haki tun ba a yi nisa ba. A irin wannan wuri, wanda ya iya ɗaga ƙafa da ƙarfi da saiti bayan minti 24 na artabu, tanadi ya yi.

Shurin kansa kuwa tarko ne. Edwards da tsayuwar bahago yake faɗa. Ya miƙa hannun hagu kamar mai kai naushi, Usman ya karkata kai zuwa damansa domin ya kauce, kamar yadda ƙwararre ya kamata ya yi, sai ƙafar hagu ta biyo bayan hannun ta tarye shi a can. Ƙwarewar Usman aka yi amfani da ita aka kama shi. Abin da aka kai wa mutum bisa sanin inda zai sa kansa, ba a kiransa dace.

Bahaushe bai kamata wannan ya rikita shi ba. A filin dambenmu, ɗan wasa kan iya rinjayar abokinsa turmi bayan turmi, amma kisa ne ke raba gardama, kuma makaɗa wanda ya yi kisan suke wasawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kalmar ta tauye Usman ma. Idan sa'a ce, to shi ba shi da hannu a abin da ya same shi. Gaskiyar ta fi haka daraja: yana kan gaba, yana iya ja da baya ya cinye lokaci, amma ya tsaya inda ƙafa za ta iya isa gare shi, yana neman ci gaba da faɗa. Halin da ya ɗora shi kan kambu shi ne ya sauke shi. Wannan faɗuwar tauraro ce irin ta wasan kwaikwayon ban tausayi, kuma guntun bidiyon da ke yawo a intanet, mai nuna shurin kaɗai, ya yanke dukan shimfiɗar labarin.

A ranar 18 ga Maris na 2023 suka sake haɗuwa a Landan. An yi turmi biyar cur, an cire wa Edwards maki ɗaya saboda riƙe ragar keji, duk da haka alƙalai biyu suka ba shi 48 da 46, na ukun ya ce kunnen doki ne. A daren ba wanda ya suma, kuma kambun bai bar hannun Edwards ba.