Kyau da Muni Tsakanin Hankali da Wahayi: Nazari kan Matsayin Imam Sanusi

Tauhidin da ake karantarwa a zaurukan ilimi na Dutse da Birnin Kudu, kamar sauran ƙasar Hausa, ya ginu ne a kan littattafan Imam Muhammad bin Yusuf as-Sanusi na Tilimsan (ya rasu 895H/1490M). A cikin al-Muƙaddimat ya lissafa tushen kafirci da bidi'a guda 7, daga cikinsu akwai tahsinul aƙli, wato ɗaukar cewa hankali shi kaɗai yana iya yanke wa aiki hukuncin kyau ko muni.

Hujjarsa tana da ƙarfi. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar (ya rasu 415H), sun ce zalunci mummuna ne a zatinsa, daga nan suka wajabta wa Allah aikata abin da ya fi zama maslaha ga bayi. Wanda aka ɗora wa wajibi kuwa, akwai mai hukunci a samansa. Wannan ƙofa Sanusi ya nufi toshewa, kuma aya ta 15 ta Suratul Isra'i, wadda ta kore azaba kafin aiko manzo, tana goyon bayansa.

Sai dai taƙaitawar matanin ta haifar da illa. Ɗalibi yakan fita da zaton cewa hankali makaho ne gaba ɗaya a fagen ɗabi'a, alhali manyan Ash'ariyya sun yarda hankali yana gane kamala da tawaya, amfani da cuta. Abin da suka hana masa shi ne tabbatar da lada da azaba. Ɗan kasuwar Shuwarin da ya ɓoye gero a lokacin yunwa ya san ya cuci jama'a tun bai ji hadisin ihtikari ba. Alƙur'ani ma da wannan sani yake kafa hujja: a Suratut Takwir ana tambayar laifin jaririyar da aka binne da rai, kuma tambayar ta ratsa zukatan Larabawa ne domin sun riga sun san munin aikin.

Maturidiyya, da Ibn Taimiyya (ya rasu 728H) a bayansu, sun fi dacewa da waɗannan nassoshi: hankali yana riskar kyau da munin wasu ayyuka, amma kamu da laifi sai bayan wahayi. Allah ne Ya halicci hankalin, Shi ne kuma Ya saukar da shari'a.

Batun ba na zaure kaɗai ba ne. Tun da Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a 2000, alƙalai da malamai suna fuskantar mas'alolin da babu nassi bayyananne a kansu. Wanda aka koya wa raina hankalinsa ba zai iya bin hanyar maƙasid ta Shaɗibi ba, ba zai kuma iya amsa wa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya karanta Aflaɗon ba. Ya kamata a ci gaba da karanta Sanusi, amma tare da sharhin da zai fayyace iyakar abin da ya kore.