Jinjina ga Masu Tsara Ƙasa na Gundumar Montgomery

Duk wanda ya san yadda gari ke cinye gonakin gefensa zai jinjina wa masu tsara ƙasa na gundumar Montgomery, a jihar Maryland ta Amurka, dab da birnin Washington. A 1980, unguwanni na ta yaɗuwa, majalisar gundumar ta keɓe eka 93,000 domin noma, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta. A da ana gina gida ɗaya a eka 5, sai aka mayar da shi eka 25. Gwanintar kuwa ita ce ba a bar manomi da asara ba. An ba shi izinin gini da zai sayar wa magina, su ƙara gidaje a unguwannin da ke da titi da ruwan famfo.

Masu suka na cewa tsarin ya tsauwala kuɗin gida, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne. Sai dai ana iya ɗora bene a cikin gari, amma gonar da aka malale da kwalta ta tafi ke nan. Har yau ana noman masara da waken soya a yankin da aka keɓe.