Yatsa Biyu Sama, Yatsa Ɗaya Ƙasa

Wanda duk ya taɓa ɗora buhun wake a kariyar keke ya kama hanya daga Mallawa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san halin rairayi. Kana cikin tafiya lami lafiya a kan tsandauri, sai tayar gaba ta nutse, kan keke ya murɗe, buhu ya rinjaya gefe guda. Abin da zai cece ka a wannan ɗan lokacin shi ne ƙafarka ta riga buhun isa ƙasa. Ko za ta isa ko ba za ta isa ba, tun a rumfar mai gyara aka yanke hukuncin, ranar da aka ɗaure sirdi.

Mallawa na gabas da Dungas, cikin gundumar da aka yanko daga Magarya a 2011, ƙasar gero da gawo da yashi mai laushi. Babur ya cika hanyoyinta yanzu, amma keke bai bar gida ba, don ba ya shan mai. A nan ana kiran mai gyaran keke mai faci, kamar liƙe tayar da ƙaya ta huda ne iyakar saninsa. Ni kuwa inda ya fi burge ni shi ne sa'ad da mutum ya zo yana kukan gwiwa.

Ba ya ɗauko abin awo. "Hau mu gani, Malam," zai ce, ya riƙe maka kan keken. Sai ya juya feda ta sauka can ƙasa, ya sa ka ɗora dunduniya a kanta. In ƙafa ta miƙe sak kana zaune daram, to an zo kusa, domin da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, abin da ake nema ke nan. Daga nan ya ce ka zaga. Ba fuskarka yake kallo ba, bayanka yake bi da ido. In ƙugu na rawa dama da hagu kamar na mai ɗauke da tulu, sirdi ya yi sama, ƙafa tana miƙa ne don ta cim ma feda, kuma bayan gwiwa ne zai biya bashin. In gwiwoyi na tasowa suna buɗewa waje, ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai yi ciwo, cinya ta gaji tun ba a je ko'ina ba. Ya kwance noti, ya ɗaga yatsa biyu, ya ce ka sake zagawa, ya rage ɗaya.

Turawa sun mai da wannan lissafi. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren keke na zagaye Faransa sau uku: a auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisa daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Mai ƙafa santimita 80 zai samu 70 da 'yan kai. Lissafin bai yi ƙarya ba, kuma awon dunduniya kan faɗo kusa da shi. Sai dai an yi shi ne don mai tsere a kwalta, wanda ba ya ɗauke da komai sai gorar ruwa.

Mai faci tambaya yake yi. Ina kake zuwa da shi? Jarka nawa kake ɗaurawa? Wa ke hawa bayan kai? Ɗan makarantar da ke bin hanya mai tauri zai bar masa sirdi a cikakken tsayi. Mai dakon ruwa kuwa zai sauke masa yatsa ɗaya ko biyu, ya yarda a yi asarar ɗan ƙarfi don yatsun ƙafa su riƙa taɓa ƙasa. In keken gida ne, maigida ya hau da safe, ɗansa ya hau da yamma, sai ya nemi tsakiyar da ba wanda zai ji daɗinta sosai amma kowa zai iya zama da ita.

Akwai kuma sashen da ido ba ya gani. Ƙarfen sirdi yana da layi da aka zana masa daga masana'anta, iyakar inda ake zaro shi. Dogon saurayi da ya sayi ƙaramin keke zai so a ja ƙarfen har bakinsa. Gwani ba zai yarda ba. "Kai yaro, wannan ba naka ba ne," shi ne amsar, domin in abin da ya rage a ciki ya yi gajarta, nauyin mutum zai zama kamar muciya a bakin bututu, wata rana bakin ya tsage. Kauri ma haka. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix siririn ƙarfe gare su, na hawan dutse da ke shigowa gwanjo ta Kwatano kuwa za ka tarar da milimita 27.2 ko 30.9 ko 31.6. In bambancin bai taka kara ya karya ba, sai ya yanko gwangwani ya naɗa. In ya yi yawa, ba ya matse noti da ƙarfin tsiya, ya san ɓarna ce.

Wannan matsala ta sama ko ƙasa ita ce ta dami masu hawan dutse da keke a Amurka. Hawa tudu na son sirdi a sama, gangara na son ya kauce daga hanya don mahayi ya ja jikinsa baya. A 1984 Joe Breeze da Josh Angell suka fito da Hite-Rite a Kalifoniya, wani ƙarfe mai tsalle da ke mayar da sirdi mazauninsa bayan an danne shi. Yau abin ya zama sanda mai bututu cikin bututu, da ɗan maɓalli a kan keke: ka danna da babban yatsa ka zauna, sirdi ya nutse, ka danna ka ɗaga jiki, ya taso. A 2022 Matej Mohorič na Siloveniya ya ci tseren Milan zuwa San Remo da irinsa, ya tsere wa sauran a gangaren ƙarshe.

Zaɓen tsawonsa kuwa, da za a bayyana wa mai facin Mallawa, murmushi zai yi, don awo biyu ne da ya daɗe yana yi. Na farko, abin da ke waje. A daidaita sirdi a tsayin tuƙi, a auna daga bakin bututun keke zuwa ƙarafan da ke ƙarƙashin sirdi. A ce an samu milimita 210. Sandar tana da wuya da kai waɗanda ba sa nutsewa, a ce 55, ko da yake kowane kamfani da nasa. Saura 155. Ana sayar da su masu nutsewar 100, 125, 150, 170, har 200 da sama. Mai 150 ya zauna daidai. Mai 170, ko an tura shi har wuya, zai fi tsayin tuƙi da milimita 15, ga rawar ƙugu ta dawo. Mai 125 zai yi aiki, amma an bar riba a ƙasa.

Na biyu, abin da ke ciki, kuma nan ne masu zumuɗi ke faɗuwa. Sanda mai nutsewar 150 tsawonta gaba ɗaya kan kai wajen 440. In 210 na waje, 230 ne za su shige cikin keke, ga kuma ɗan abin da wayar maɓallin ke kamawa a gindinta. Bututun kekuna da yawa ba miƙaƙƙe ba ne har ƙasa, wani ya lanƙwashe, wani ƙusa ta tare shi. Sai a zura tsohon ƙarfen sirdi mai kauri ɗaya har ya tsaya, a yi alama, a auna. In rami bai kai ba, dole a koma gajere, ko ƙafar mutum ta kai ta raƙumi.

Ba na zaton wannan sanda za ta yi kasuwa a Mallawa nan kusa. Kuɗinta kan fi na keken gwanjo sukutum, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa duk abin da ke zamewa cikin roba da mai. Amma kekunan gwanjo da yawa suna zuwa da ɗan hannu a bakin bututu wanda ake buɗewa ba tare da sifana ba. Mai faci zai goge ƙarfen, ya shafa masa giris don kada tsatsa ta kama shi, ya ɗiga fenti wuri biyu. Na sama, wanda ke sauke sirdi, na rairayi da kaya, na ƙasa na dawowa fayau bayan an sayar da wake.