Raƙumin Dawa a Jikin Dutse

Ya kai mai karatu, ko a Agye kake, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, tambayi yaran gidanku: wa ya taɓa ganin raƙumin dawa? Da wuya ka sami ko ɗaya. To, bari mu duba aikin wani gwani da ya gan shi da idonsa.

A Dabus, arewa da Agadas, bisa hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya fi mita 5. Masana sun ce zanen ya fi shekara 6000. A zamanin nan wurin yana da ruwa da itatuwa. Yau hamada ce.

Mai zanen nan bai yi aiki da "an ce" ba. Ya zauna ya ƙare wa dabbar kallo. Ya fitar da dabbare-dabbaren jikinta ɗaya bayan ɗaya. Ga dogon wuya, ga 'yan ƙahoni, ga kofato. Ba shi da ƙarfe, da dutse ya sassaƙa dutse. Wannan haƙuri ya isa yabo.

Daga bakin kowane raƙumi kuma ya ja zare har zuwa ga wani ɗan ƙanƙanen mutum. A ganina, cewa yake ran dabba yana hannun ɗan Adam.

Amma akwai abin da ya rage. Bai zana itace kusa da su ba. Alhali raƙumin dawa ganyen gawo da ƙaya yake ci. In itace ya ƙare, shi ma ya ƙare.

Ga shaida. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar, wajen Kure. Da aka tsare su, sai suka haura 600. A 2018 an kawo guda 8 dajin Gadabeji, arewacin jihar Maradi, inda suka daɗe da ɓacewa.

Saboda haka, in ɗanka zai zana dabba a allo, ka ce masa ya duba da kyau tukuna, kamar gwanin Dabus. Ka ce ya sa itace kusa da ita. Kai kuma, in ka shiga sassabe, ka bar 'yan itatuwan da suka tsiro, yadda manoman Ɗan Saga suke yi. Dutse ya ajiye mana kamannin dabba. Ranta kuwa, sai itace.