Kada a Ƙarar da Super Hornet a Dakon Mai

Duk lokacin da jirgin yaƙi ya sauka a kan jirgin ruwan dakon jirage, duka yake sha. Zai taho da gudun kusan kilomita 240 a awa, ƙugiyar da ke ƙarƙashin wutsiyarsa ta cafki wayar ƙarfe, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cak. Gobe a sake, jibi ma haka. Ga iskar teku mai gishiri tana cin jikinsa dare da rana, har sai ma'aikata sun yi ta wanke shi da ruwan daɗi don gudun tsatsa.

Wannan ita ce rayuwar F/A-18 Super Hornet, ƙashin bayan sojojin ruwan Amurka a sama, wanda ya fara tashi a 1995. An ƙera shi don ya yi awa 6,000. Yanzu kamfanin Boeing yana yi masa garambawul domin ya kai 10,000, saboda jirgin yaƙi F-35C bai wadata ba, shi kuma magajin da ake ta zance, F/A-XX, har yau jiransa ake yi.

Ban ga laifin gyaran ba, da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kashe awannin nan masu tsada. Tun da aka ajiye jirgin S-3 Viking da ke dakon mai a 2009, Super Hornet ake ɗaura wa tankuna ya riƙa shawagi yana ba 'yan'uwansa mai a sama. Ingarman yaƙi ya koma jakin dako! Nauyin man nan yana gajiyar da fukafukansa, kuma kowace awa ta tafi, ta tafi ke nan.

Maganin ma yana hannu. A watan Yunin 2021 jirgi marar matuƙi, MQ-25 Stingray, ya ba Super Hornet mai a sama lami lafiya. A ganina, hanzarta kai shi bakin aiki ya fi kowane sabon alkawari amfani.

Tunanina ya fi komawa kan matuƙan. A watan Mayun 2025, wani Super Hornet ya kasa tsayawa a kan jirgin ruwan Harry S. Truman, ya zarce cikin Bahar Maliya, mutum biyun da ke ciki suka yi fitar gaggawa suka tsira. Kwana kaɗan kafin nan wani Super Hornet ɗin ya sulale teku daga wannan jirgin ruwan. Duk jirgin da ya nutse, aikinsa kan ragowar yake komawa, su kuwa ragowar awanninsu ƙidayayyu ne.